Takarda Ta Samu, Saura Aiki: Shawara Ga Masu Digiri Na Biyu A Ilmin Neman Kasuwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana damun iyaye a ƙasar nan, musamman mu akawuna da malaman makaranta, waɗanda ba mu da wani gado da za mu bar wa 'ya'yanmu da ya wuce ilmi. Maganar kuwa ita ce ta samari da 'yan matan da suka gama digiri na fari, suka yi wa ƙasa hidima, suka koma jami'a suka ƙaro digiri na biyu ko babbar difloma a fannin neman kasuwa, watau abin da a ke kira maketin, sa'an nan suka komo gida suka zauna. Ko wace takardar neman aiki suka aika, in ma an amsa, amsar ɗaya ce: ana son wanda ya taɓa yin aikin shekara biyu ko uku. Yaro ya ce, to, ina zan sami shekara biyun in ba wanda zai ɗauke ni in fara? Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita mu ke so mu duba yau. Abin da mu ke nufin nunawa shi ne, gogewar da a ke nema ba sai an ba mutum kujera a ofis ya ke samunta ba. Tana nan a kasuwa, kuma mai takarda yana iya zuwa ya ɗebo ta tun kafin kowa ya yanka masa albashi.

JIYA DA YAU

Ya kamata mu fara da tunawa da inda muka samo wannan ɗabi'a ta jiran aiki. A zamanin iyayenmu da kakanninmu masu ilmin boko kaɗan ne, wurin aiki kuwa da yawa. Yaron da ya fita daga Midil, balle wanda ya gama Kwalejin Barewa ko makarantar akawuna ta Zariya, tun bai ajiye akwatinsa ba En'e ta san inda za ta sa shi. Da aka shiga shekarun 1950, Gwamnatin Jihar Arewa ta tsaya a kan a cika ofisoshinta da 'yan Arewa, sai takarda ta ƙara daraja. A lokacin, takardar shaida ita ce aikin. Zamanin nan ya wuce, En'e kanta an rushe ta da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma tunanin ya zauna a zukatanmu: in takarda ɗaya ba ta kawo aiki ba, sai a ƙaro wata.

Yanzu al'amari ya juya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33 cikin 100 na masu iya aiki da ke son yinsa a Nijeriya ba su da shi. A 2023 ta sake hanyar lissafi, ta bi ta ƙasashen duniya, inda duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a cikin mako a ke ƙirga shi mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4 da ɗoriya. Kada mai karatu ya ɗauka ayyukan albashi ne suka ƙaru. Abin da sabon lissafin ya tona shi ne, mafi yawan 'yan Nijeriya masu aiki kansu su ke yi wa, a gona, da kasuwa, da sana'ar hannu. Kujerun albashi kaɗan ne, masu takarda kuwa jami'o'i suna ta fitar da su ko wace shekara.

Ga kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta shekaru. Manyan kamfanoni da bankuna, in za su ɗauki sababbin ma'aikata don su horar da su, sau da yawa su kan ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. To, ɗalibin jami'ar gwamnati ya yi asarar wajen wata tara a yajin aikin malamai na 2020, ya kuma yi ta wata takwas a na 2022. A ƙara shekarar hidimar ƙasa, a ƙara shekara biyu na digiri na biyu, sai ka ga yaro ya fito da takarda mai nauyi, amma ƙofar da aka yi don sababbin shiga ta riga ta rufe masa. Ita kuwa ƙofar manya tana neman gogewar da ba shi da ita. Wannan shi ne tsaka mai wuyar da 'ya'yanmu ke ciki.

MENE NE NEMAN KASUWA?

Da yawa daga cikinmu in an ce maketin sai mu tuna da yarinya da faranti a ka, ko mai maganin gargajiya da lasifika a tasha. Talla kashi ɗaya ne kurum na wannan ilmi. Wani malami Ba'amurke, Jerome Makati, a littafinsa na 1960 ya kasa shi kashi huɗu, kuma har yau a kan wannan kashin a ke koyarwa. Na ɗaya, kayan kansa: me mutane ke bukata, wane girma, wane irin ƙunshi. Na biyu, farashi. Na uku, hanyar da kaya za su bi daga masana'anta zuwa hannun mai saye. Na huɗu, talla.

Bari mu kawo misalin da kowa ya sani. Da can madarar gari a gwangwani a ke sayar da ita, sai mai hali. A 1993 kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya fara ƙulla ta a 'yar ƙaramar leda, daidai kofin shayi ɗaya, a kan kuɗin da leburan da a ke biya kullum zai iya fitarwa. Madara ba ta sake ba, abin da ya sake shi ne ƙunshi, da farashi, da kuma kai ta har teburin mai shayi da mai tireda na lungu. Yau sabulun gari, da man shafawa, da tumatir, duk a 'yar leda a ke samunsu. Wanda ya ga wannan dabara ya san yadda talaka ke kashe kuɗinsa, kuma irin sanin nan a bakin kanti a ke samunsa.

Mu Hausawa kuwa ba baƙi ba ne a wannan fage. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa auduga suka sa wa rai, sai fataken goro na Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka baza yaransu ƙauyuka suna ba manoma kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara tsakanin Gwanja da Kano, kafin ya zama babban wakilin sayen gyaɗa. Su kansu kamfanonin, irin su U.A.C. da Jan Holt da G.B.O., ba su iya kai hajarsu ƙauye sai ta hannun dilolin gida. A tsarin kasuwarmu kuma ba a ba yaro jari rana ɗaya. Sai ya zauna a kanti ya yi shara, ya ɗauki kaya, ya koyi awo, ya san wanda a ke ba bashi da wanda a ke hanawa, sa'an nan ubangidansa ya sallame shi. Abin da kamfanin zamani ke nufi da gogewa ke nan, sunan ne kurum ya sake.

ABIN DA MAI KAMFANI KE SAYE

Mu sa kanmu a matsayin mai ɗaukar ma'aikata. Akawu ko malami, in ya shigo da takardarsa, ana iya sa shi a tebur ko a aji a duba aikinsa sannu a hankali. Amma ma'aikacin neman kasuwa kuɗin kamfani za a damƙa masa ya kashe, da fatan kuɗin za su komo da riba, kuma a ƙarshen ko wane wata alƙalami zai nuna ko sun komo. Don haka tambayar manaja ɗaya ce: ka taɓa sa wani ya fitar da kuɗinsa ya sayi abu? Digiri na biyu shaida ne na cewa mutum ya yi karatu, ya iya bincike, ya iya rubutu. Wannan abu ne mai kyau, amma bai amsa tambayar ba.

Wani lokaci ma takardar ta kan zama kaya a wuyan mai ita. Manaja ya duba ya ce, wannan zai nemi albashin da ya fi na aikin, ba zai yarda ya shiga rana ba, kuma da ya ga wata ƙofa zai tafi ya bar mu. Ko gaskiya ne ko zato ne, haka da yawansu ke tunani. Aikin mai nema shi ne ya kawar da wannan zato, kuma ba abin da ke kawar da shi kamar a ga ya riga ya shiga ranar da ƙafarsa.

INDA A KE SAMUN GOGEWA TUN BABU ALBASHI

Da fari, mutum ya duba abin da ya riga ya mallaka. Yara da yawa su kan ce ba su taɓa aiki ba, alhali sun yi watanni a wani kamfani lokacin koyon aiki na ɗalibai, sun yi shekara guda a hidimar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, wasu kuma sun sayar da turare ko takalma ko katin waya a makaranta don su biya kuɗin rajista. Yarinyar da ta shekara uku tana sayar da atamfa ta WhatsApp, tana karɓar oda, tana aikawa da kaya ta tasha, tana rarrashin wadda kayanta suka makara, ta yi aikin neman kasuwa, ko da ba ta san sunansa ke nan ba. Kundin binciken digiri na biyu ma, in an fita an yi wa mutane tambayoyi an tattara amsoshi an auna su, binciken kasuwa ne. Laifin shi ne ba a koya musu su lissafa waɗannan a matsayin aiki ba.

Na biyu, in abin da ke hannu bai isa ba, a je a nemo. Wani bincike da hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ya nuna akwai ƙananan sana'o'i da matsakaita kusan miliyan 40 a ƙasar nan a shekarar 2020. Mafi yawansu ba su da wanda ke duba musu harkar ciniki. A ko wace unguwa akwai gidan burodi, da mai ruwan leda, da makarantar kuɗi, da kantin magani, da tela mai yara goma. Mai digiri ya zaɓi ɗaya, ya je wurin mai shi da ladabi, ya ce a ba shi wata uku ya gwada ƙara masa ciniki, a biya shi la'ada a kan abin da ya ƙaru kurum. Mai sana'a ba ya asarar kome, don haka da wuya ya ƙi.

Amma fa akwai sharaɗi, shi ne rubutu. Ran da ya fara, ya rubuta yawan cinikin da ya tarar. Misali, gidan burodi yana kai wa masu shayi 20, yana sayar da burodi 300 a rana. Sai ya zaga unguwa da ƙafa, ya ƙirga masu shayi da masu tireda, ya tambaye su burodin wa su ke karɓa, don me, ƙarfe nawa a ke kawo musu, ana karɓar kwantai ko ba a karɓa. Watakila ya gano ba daɗi ne ke hana su saye ba, makara ce: burodin yana isowa bayan ma'aikata sun gama karin kumallo. Ya gyara wannan, ya ci gaba da rubuta ciniki ko wane mako. Bayan wata uku yana da labari mai farko da ƙarshe, da alƙaluma, da mai sana'a da zai tsaya masa shaida. Irin wannan guda biyu ko uku sun fi wata sabuwar takarda amfani a gaban manaja.

Na uku, kayan aikin zamani. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 ciniki ya fara komawa cikin waya, yau kuwa ba kamfanin da ba ya talla a intanet. Jami'o'inmu suna koyar da ka'idoji, amma ba kasafai su ke zaunar da ɗalibi ya shirya talla a Facebook ko Instagram, ya zaɓi garin da za a gan ta da shekarun masu gani, ya kuma karanta sakamakon ba. Kamfanonin Google da Meta suna da darussa na kyauta a kan wannan. A yi su, amma kada a tsaya ga takardar da su ke bayarwa. A ɗauki 'yan dubban naira a yi wa wani ɗan'uwa mai sana'a talla ta gaske, a ga mutum nawa suka gani, nawa suka yi magana, nawa suka saya, sa'an nan a raba kuɗin da aka kashe da yawan masu sayen, a san nawa ko wane mai saye ya ci. Haka kuma lalle ne mutum ya iya Excel sosai, domin rahoton ciniki duk a cikinsa a ke yi, kuma sau da yawa a kan gwada mai nema da shi tun kafin a yi masa tambaya.

ƘOFAR DA KE BUƊE

Abin da yawancin yaranmu ke hange shi ne ofis mai sanyi inda a ke tsara talla. Irin waɗannan kujeru kaɗan ne, kuma galibinsu a Ikko su ke, inda hedkwatar manyan kamfanoni ta ke. Aikin da ke akwai a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri shi ne na wakilin sayar da kaya: mai zagawa da mota ko babur yana bin kantuna, mai kula da dila, mai duba yadda aka jera kaya a manyan shaguna. Kamfanonin abinci da abin sha da sabulu, da na magani, da na taki da iri, da na sadarwa, da masu na'urar cirar kuɗi ta P.O.S., kullum suna neman irin waɗannan. Haka ma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da manyan dilolin kasuwar Singa.

Aiki ne mai wuya, ba ma ɓoyewa. Akwai rana, akwai ƙura, akwai adadin da a ke ɗora wa mutum ya sayar ko wane wata, albashin fari kuma wani lokaci bai fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 da yawa ba, sai ɗan kamasho. Amma nan ne makarantar. A nan mutum zai san ribar da mai sari ke ci a katan, da dalilin da mai tireda ke tura wani sabulu gaba ya ɓoye wani, da yadda ciniki ke tashi da azumi da kaka, ya faɗi da bazara sa'ad da manomi ya zuba kuɗinsa a gona. Manajojin ciniki da yawa a manyan kamfanoni daga bayan motar kaya suka faro.

A nan ne kuma digiri na biyu zai fara biyan kuɗinsa. Wakilai goma suna zaga kasuwa, duk suna kawo adadi, amma wanda ya yi karatu mai zurfi shi zai iya rubuta shafi ɗaya ya ce ga dalilin da ciniki ya faɗi a wannan yanki, ga abin da abokan hamayya ke yi, ga shawara. Manaja ba ya mance mai irin wannan rahoto. Ran da kujera ta buɗe a sama, takardar da a da ta zama kaya ita za ta raba shi da sauran.

JARIN DA KE HANNUNMU

Akwai wani jari da yaranmu ke riƙe da shi ba su san darajarsa ba, shi ne harshe da sanin mutane. Kamfanin da ke Ikko yana so ya sayar a Arewa, domin jama'a na nan, kuma ta Kantin Kwari da Dawanau da Singa kaya ke wucewa har Nijar da Chadi da Kamaru. Amma sau nawa mu kan ji talla a rediyo wadda aka juya daga Turanci kalma da kalma, har ta zama abin dariya? Sau nawa a kan liƙa hoton da bai dace da al'adar mutanen da a ke so su saya ba? Wanda ya iya rubuta Hausa mai kyau, ya san bambancin yadda a ke magana da Alhajin Kwari da yadda a ke magana da matan aure a cikin gida, ya san cewa a ƙauye rediyo har yanzu ta fi jarida isa, ya kuma iya mai da wannan sani rahoto da Turanci, yana da abin da ɗan wani wuri ba zai koya a shekara ɗaya ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita tun daga shekarun 2000, da tashar talabijin ta Arewa24 da aka buɗe a 2014, duk da talla su ke rayuwa, kuma suna bukatar masu nemo ta da masu rubuta ta. Ga 'yan mata kuwa akwai wata ƙofa ta musamman, domin mai shiga gida ta yi magana da uwargida, wadda ita ke zaɓen abin da za a dafa da abin da za a yi wanki da shi, ta isa inda namiji ba ya isa.

TAKARDAR NEMA DA RANAR GANAWA

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda a ke kira si-bi, kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Yawancin waɗanda mu kan gani cike su ke da yabon kai: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai haƙuri. Kowa haka ya ke rubutawa, don haka ba mai karantawa. A maimakon haka a rubuta abin da aka yi da adadinsa: na ƙara wa gidan burodi masu karɓa daga 20 zuwa 35 cikin wata uku. A sa wannan a sama, digiri ya biyo baya. Ko wane kamfani kuma a gyara masa tasa takardar. Goma da aka rubuta da lura sun fi ɗari da aka watsa.

Shafukan neman aiki irin su Jobberman da LinkedIn suna da amfani, a buɗe su a riƙa dubawa. Amma ayyuka da yawa ba a shelarsu, daga baki zuwa baki su ke tafiya, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. A je bajekolin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke shiryawa ko wace shekara a Kaduna da Kano, a tsaya a rumfunan kamfanoni, a gaisa da manajan yanki, a nemi lambarsa. A nemi tsofaffin ɗaliban sashe waɗanda suka riga suka shiga aiki, a tambaye su shawara, domin wanda aka nemi shawararsa ya fi saurin tunawa da mutum bisa wanda aka roƙa aiki. Yana da kyau kuma a yi rajista da Cibiyar Masana Neman Kasuwa ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2003. Mai son fannin talla kuwa ya san akwai hukumar da ke kula da shi, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022.

In an kira mutum ganawa, kada ya tafi da abin da ya haddace a littafi kurum. Ya ɗauki kwana biyu ya zaga kantuna ashirin, ya duba kayan kamfanin: ina akwai su, ina babu, nawa a ke sayarwa, na wa ke gefensu, me masu kanti ke kuka da shi. Ya rubuta a shafi ɗaya ya tafi da shi. In aka ce masa ba shi da gogewa, kada ya yi musu. Ya ce haka ne, bai taɓa aikin albashi a wannan fanni ba, amma ga abin da ya yi, ga kuma abin da ya gani a kasuwa shekaranjiya. Manajan da ya san aikinsa zai gyara zama.

A YI HATTARA DA TARKO

Inda mabukata suka taru, macuta ba sa nisa. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom, ko na horo, ko na riga, kafin a ba da aiki, a guje shi. Akwai kuma masu kiran taro a otal da sunan aikin maketin, in an je sai a tarar so su ke mutum ya sayi kaya da kuɗinsa, ya kuma kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu. Wanda ya ga yadda MMM ta ƙare da kuɗin jama'a a Disambar 2016 ya san ƙarshen irin wannan lissafi. Wasu wuraren kuma su kan ɗauki matasa, musamman 'yan mata, a ɗora musu nemo ajiyar kuɗi mai yawan da ba mai iya kawowa, ba tare da albashi tsayayye ba. Kafin a karɓi ko wane aiki a nemi takardar ɗauka, a karanta ta: nawa ne albashi, nawa ne kamasho, wa zai biya kuɗin mota, me zai faru in ba a cika adadi ba. Aikin gwaji na kyauta kuma a yanka masa wa'adi tun farko, kada ya wuce wata uku.

NAMU NAUYIN

Saura mu iyaye da malamai. Sau da yawa yaro yana so ya fara daga ƙasa, mu ne mu ke hana shi, don kada maƙwabta su ce ɗan Malam mai digiri biyu yana bin kantuna da babur. Mun gwammace ya zauna a ɗaki shekara uku yana jiran wani babba ya sa masa hannu. Alhali ko wace shekara ya zauna, takardarsa tana tsufa, ƙannensa suna fitowa, kuma tambayar da za a yi masa a ganawa tana ƙara nauyi: me ka ke yi tun da ka gama? Mu da muka fara koyarwa a ajin ƙauye, ko muka fara da jera fayil a ofis, bai kamata mu raina mafarin kowa ba.

Ga wanda ɗansa bai riga ya shiga digiri na biyu ba, shawararmu ita ce a bar shi ya yi aiki shekara biyu tukuna. Zai koma aji da tambayoyin da ya ɗebo daga kasuwa, kuma jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suna da tsarin karatu na ma'aikata wanda ba sai mutum ya bar aikinsa ba. Ga malaman jami'a kuwa, muna roƙo a riƙa tura ɗalibai su yi bincikensu a kan sana'o'in da ke kewaye da su, a kuma riƙa gayyato 'yan kasuwa su shiga aji, ko da ba su da takarda. Mu ma na firamare da sakandare, in muna koyar da lissafin riba da faɗuwa, ba laifi mu aiki yara su tambayo mai tireda nawa ya saro, nawa ya sayar.

Wanda kuwa ya riga ya gama, yana zaune yau da takardunsa a cikin jaka, kada ya ɗauka kuɗin da aka kashe masa sun tafi a banza. Ilminsa yana nan, lokacin amfaninsa ne bai zo ba. Ya sami littafin rubutu da alƙalami, gobe da safe ya nufi mai sana'ar da ya fi kusa da gidansu, ya yi sallama, ya tambaye shi yadda ciniki ya ke. Allah ya ba da sa'a.